Tsagar da Baba Ya Toshe

Daga gida

Zuwa ga Dogo, ɗan Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Baba ya ce a tambaye ta ko tana shafa man da ya aika mata, ko ta tura shi ƙarƙashin gado kamar yadda take yi da duk abin da ya fito daga hannun wanta. Mu nan lafiya, sai zafi, sai tarin da ya zama na kowa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da ɓarayi suka kwance injin da ke ba ƙarfen sabis wuta, wayoyinmu suka koma tocila. Mai tifar da ke kai dutse birni ya ce ya san ma'aikatarku, shi ya sa na ba shi. In za ka amsa, ka neme shi a tashar tifofi.

Ka san ajina, aji uku, wanda tagarsa ke kallon ramin haƙar ma'adinai. Ka san kuma Baba ne ya gina shi da aji huɗu da hannunsa, lokacin da mutanen gari suka gaji da jiran gwamnati suka yi gayya. To kullum da azahar kamfani yana kaɗa jiniya, sannan a tashi nakiyar fasa dutse. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufi a kan littattafan yara. Bara bangon da ya raba ni da aji huɗu ya tsage tun daga sama har ƙasa. Da fari tsinke ne ke shiga, daga baya alli, yanzu hannun yaro yana wucewa. Ta nan 'yan aji huɗu ke miƙo wa ƙannensu amsar lissafi. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu ya shiga, ya yi aure, har ya tara iyali.

Ina yi maka raha ne don kada in yi kuka. Duk sanda jiniya ta tashi, idona yana kan bangon nan, ba kan allo ba. Na janye yara daga gefensa na cusa su wuri guda, amma ajin nawa yake? Ina tsoron damina, Dogo. In ruwa ya shiga tsagar nan, ban san abin da zan gaya wa iyayen yara ba.

Allon da gwamnati ta kafa a bakin gari yana nan, rana ta cinye rubutunsa, amma ana iya karantawa. An ce daga rabon garuruwan da ake haƙa a ƙasarsu za a gina wa waɗanda aka tasa daga bakin rami gidaje, a gina sababbin ajujuwa. Gidajen an kai su linta, ko rufi ba a yi ba aka tsaya, yanzu awaki ne 'yan haya. Ajujuwan kuwa a jikin allon kawai suke. Ba bara muke yi ba. Dutsenmu ake kwasa, tifa na bin tifa tun safe har yamma, abin da ke dawo mana ƙura ce.

Ga takardar koke nan na haɗo maka. Iyayen yara sun dangwala, Hedimasta ma ya sa hannu, bayan ya sha jan ƙafa kamar mai sakin mata. Na ji an ce kai kake tuƙa shugaban kwamitin rabon amfanin ma'adinai. Tsawon nan naka da bai taɓa amfanar kowa ba, yau ka miƙa shi ka ɗora takardar nan inda ido zai gan ta.

Taubashiyarka,
Uwar Alli

*

Daga birni

Zuwa ga Uwar Alli, gajerar gidan Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi. Ta ce a gaya wa Kawu man yana ƙarƙashin gado, kuma daga can ma yana aiki. Yara suna gaishe ki. Mu ma nan haƙuri ake, mai gida ya sake ƙara kuɗin haya, ruwan famfo kuma sai ya ga dama.

Kin ɗauke ni wani babba. Ni direba ne, matsayina a ma'aikata yana tsakanin mai shara da tayar mota. Amma direba yana da abu guda da babban sakatare ba shi da shi: Oga yana zama a bayana ba inda za shi. Ban kai kokenku ofis ba, domin na san ɗakin da ake tara irinsu, har silin suka kai, gara ce kawai ke karanta su. A kujerar baya na ajiye shi a kan jaridarsa, na kuma bi da shi ta hanyar kasuwa da gangan, inda cunkoso ke riƙe mota har mutum ya gaji da wayarsa.

Ya karanta. Ina kallonsa ta madubi. Ashe kin sa labarin ƙadangaren a cikin koken ma, don da ya zo wurin ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Na ce, "Wata malama ce a garin, ranka ya daɗe." Ban ce 'yar kawuna ce ba. A nan da zarar an san kana da naka a cikin magana, maganar ta mutu.

Ga abin da na jiyo daga bakinsa yana waya. Kwamiti zai zaga garuruwan da ake haƙa kafin ruwa ya sauka, su ga makarantu da gidaje da idonsu, su fitar da waɗanda za a gyara bana. Ya sa an ƙara garinmu a cikin zagayen. Wanda ya shiga bana ya shiga. Wanda bai shiga ba sai wani kasafin, kuma kin san baɗi shekarar zaɓe ce, kowa ta kansa zai yi.

Kada ki ce na yi miki alkawari. Na yi shekara da shekaru ina tuƙa kwamitoci, na ga waɗanda suka zaga suka dawo da buhunan tsaraba ba rahoto. Wannan dai yana karatu, shi ne abin da zan iya cewa a kansa.

Ki gaida Kawu. Ki ce masa har yanzu in na wuce gini ina duba ko kusurwarsa ta miƙe, kamar yadda ya koya mini da ranƙwashi.

Naki,
Dogo

*

Daga gida

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya saka maka da alheri. Ashe tsawon yana da rana. Ranar da takardarka ta zo na karanta ta a tsaye a bakin titi, ƙurar tifa na shiga mini baki ban ji ba.

Na kai wa Hedimasta labari, shi ya kai wa Mai Gari, kafin la'asar har kaji sun san kwamiti na zuwa. Aka tara mutane a filin makaranta. A nan murnata ta fara raguwa. Mai Gari ya miƙe ya ce, "Jama'a, baƙi za mu yi, kuma manyan baƙi. Kada a ba da mu." Nan take aka raba aiki: mata shara, samari sassabe, 'yan kasuwa abincin baƙi. Hedimasta ya ce shi abin da ke damunsa benci, ba za a zo a tarar da ɗalibansa a ƙasa ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranku ya daɗe, ai don su ga lalacewar muka kira su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Aka yi dariya, aka ce Malama ba ta rabo da magana. Mai Gari ya ce, "'Yata, mun ji. Za a gaya musu komai da baki. Amma ba a tarar baƙo da tsumma." Mutane suka ce haka ne. Ka san mutanenmu. Wanda bai ci abincin dare ba, in baƙo ya yi sallama, sai ya sa tsinke a baki yana sakace.

Wanda ya fi damuna Baba ne. Da aka watse na same shi a cikin ajina shi kaɗai, ya zura hannu cikin tsagar har wuyan hannu, yana shafa bulon daga ciki kamar mai duba ciwon ɗansa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Hoto suke ɗauka?" Na ce ban sani ba. Ya zare hannunsa ya kakkaɓe ya fita.

Don Allah ka rubuto mini yadda kwamitin nan ke aiki. Me suke dubawa, me suke rubutawa, maganar baki tana shiga ko ba ta shiga? Ka rubuta dalla-dalla yadda zan karanta a gaban Mai Gari da Baba. Ni a wurinsu yarinyar da suka ga haihuwarta ce. Kai kuwa kana shiga motar gwamnati, ko da a gaba kake zama. In daga bakinka ta fito za su ji. Ka hanzarta.

Uwar Alli

*

Daga birni

Uwar Alli,

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya. A kan bonet ɗin mota nake rubuta wannan, mai tifa yana jirana. Ki karanta wa Kawu da Mai Gari da Hedimasta, ki ce ni na ce.

Kada a taɓa komai. Kada a share, kada a shafa farar ƙasa, kada a aro ko kujera ɗaya. In akwai kashin awaki a gidajen nan marasa rufi, a bar shi inda yake.

Ga yadda suke yi, na gani a garuruwan da muka riga muka je. Ba sa daɗewa, Oga ko hularsa ba ya cirewa. Akwai wata ma'aikaciya mai kyamara, ita ce kwamitin gaba ɗaya. Abin da ta ɗauka shi ake mannawa a rahoto, rahoton shi ke zuwa gaban majalisa. Jawabin Mai Gari, waƙar yara, koken baki, duk a mota ake barinsu tare da ledar ruwa. Garin da ya fi muni a hoto shi ke hawa sama. A wani gari da muka je shugaban makarantar ya fi kowa wayo, ya tsayar da yaran a ƙarƙashin inda kwano ya yaye, rana na dukansu, aka ɗauka. Sun shiga.

Kawu, da kai nake. Na san ginin nan naka ne, na san yadda kake ji da shi. Babu wanda zai ce hannunka ne. Bangon da ya sha nakiya kullum shekara da shekaru bai faɗi ba, ai shaida ce a gare ka. Tsagar nan ita ce bakin yaran nan, don Allah kada ka rufe ta.

In mun zo ba zan nuna na san ku ba, kada ku ji haushi. In aka gane garinmu ne, za a ce ni na shirya komai.

Dogo

*

Daga gida

Dogo,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko gaisuwar ƙauye tana isa birni yanzu ba. Kullum ina bakin titi ina leƙa tifofi kamar mai jiran miji, babu mai tifarmu, babu takardarka. In aiki ne ya yi maka yawa, layi biyu ai ba sa karya hannu. In kuma tsoron ogan naka ne ya hana ka, da ka faɗa tun farko na san inda na tsaya.

To ka huta, an gama. An kira mu wurin tantance malamai a hedikwatar ƙaramar hukuma, muka kwana can muna layi don a tabbatar ba fatalwa ba ne mu. Kafin in tafi na durƙusa a gaban Baba na roƙe shi kada ya taɓa tsagar. Ya ce, "Ke ba magina ba ce. Ni na ɗora bulon nan ɗaya bayan ɗaya. Mutanen birni su zo su ɗauki ginina a tsage su kai wa duniya? Ba wanda zai ce nakiya ce. Cewa za a yi wane magini ne wannan." Na ce, "Baba, yara fa?" Ya ce, "Don yaran zan toshe." Shi har ga Allah gyara yake gani.

Da na dawo ban gane ajina ba. Ya sayar da tunkiyarsa ya sayi siminti, bai bar kowa ya kama masa ba. Ya cusa tsagar, ya bi ta da filasta, ya goge ta sumul kamar ƙwai, samari suka bi da farar ƙasa. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na tambaye shi ko zai riƙe. Ya kau da kai ya ce, "Filasta riga ce, ba ƙashi ba." Ka ga shi ma ya sani.

Hedimasta ya aika amalanke makarantar tsallaken rafi, ya aro bencinansu kaf, ya ce za a mayar in baƙi sun tafi. An kori awaki daga gidajen da ba rufi, an share, an shafa wa fuskar da ke kallon titi farar ƙasa. Har allon bakin gari wani ɗan kirki ya bi rubutunsa da sabon fenti, alkawarin ya fito raɗau.

Yarana sun zauna a kan benci yau suna shafa shi suna dariya. Ban iya yi musu tsawa ba. Na tsaya a gaban allo na rasa abin da zan koya musu. Na gaji, Dogo. Gari guda ya taru ya yi mini aiki da zuciya ɗaya, kuma aikin shi ne rusa abin da na shekara ina haɗawa.

Uwar Alli

*

Daga gida

Dogo,

Sallama. Ka gafarce ni a kan takardar da ta gabata, na ci mutuncinka a banza. Taka ta iso jiya, bayan kun zo kun tafi. An canja wa mai tifa hanya zuwa wani ramin, takardar na ƙarƙashin kujerarsa duk tsawon lokacin nan, har baƙin mai ya taɓa ta. Ya ba ni haƙuri. Na karanta ta a zaune a bakin gado, na kai wurin da ka ce "Kawu, da kai nake," na kasa ci gaba.

Kai kana waje kana goge gilashin da ba datti, bari in gaya maka abin da ya faru a ciki. Oga ya shigo ajina, yara suka miƙe suka gaishe shi da murya ɗaya. Ya dubi benci, ya dubi bango, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Ina tsagar da aka rubuto mana?" Mai Gari ya ce, "Ai ranka ya daɗe, mu ba ma zama jira. Ɗan gari ne ya gyara." Aka turo Baba gaba, cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Oga ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce da kowane gari yana da irinsa da gwamnati ta huta. Mai kyamara ta ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsagar tana nan a ƙarƙashin filasta, hannun yaro yana wucewa ta cikinta." Hedimasta ya kama tari. Oga ya ce, "Mun gani, Malama, mun gode." Na ce to su dakata zuwa azahar su ji yadda ƙasa ke girgiza. Ya dubi agogo, ya yi mini kara ya tsaya. Azahar ta yi, shiru. Ashe kamfani ya san da zuwanku, ranar ko jiniya ba su kaɗa ba. Na tsaya a tsakiyar aji ina sauraron abin da bai zo ba, mutane suna kallona da tausayi.

Da kuka zo tafiya ka ce mini, "Sannu da aiki, Malama," kamar ba tare muka sha duka a kan mangwaron maƙwabta ba. A ranar na ji kamar in jefe ka da alli. Yanzu na gane.

Ban karanta wa Baba takardarka ba. Har yau duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin yadda babban mutum ya riƙe masa hannu. Tun rasuwar Innarmu ban ga fuskarsa haka ba. Ka gaya mini gaskiya, mun shiga ko ba mu shiga ba?

Uwar Alli

*

Daga birni

'Yar Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Inna ta ce a gaida wanta. Ba komai a kan waccan takardar, na saba da bakinki tun kina rarrafe.

Ba ku shiga ba. An rubuta makarantarku a cikin waɗanda ke da kyau, gidajen kuma an ce aiki yana tafiya.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Da muka baro ku, motar mai kyamara ta yi zafi a tsallaken rafi, muka tsaya neman ruwa a makarantar can. Ta leƙa aji ta ga yara zube a ƙasa, ko benci ɗaya babu. Ta ɗauka. Su ne na farko a jerin bana, sababbin ajujuwa da kujeru. Ina tsaye da galan a hannu, na san inda bencinansu suke, amma in na faɗa na kashe su ban raya ku ba. Su ma 'ya'yan mutane ne, rufinsu ma yoyo yake. Na ja bakina.

A kan maganarku dai ban yi shiru ba. Da muka kama hanya na gangara gefen titi na kashe mota, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, malamar nan 'yar kawuna ce, maginin nan kawuna ne, a ajin nan na koyi karatu. Abin da ta faɗa gaskiya ne." Sai ya ce, "Na yarda da kai. Amma hoto ke zuwa gaban majalisa, ba maganar direba ba. In na rubuta bango a tsage, kamfani zai ɗaga hoton nan ya ce ƙarya nake." Ya ce in tada mota.

Kuma bai yi ƙarya ba. Hoton Kawu da Oga a gaban farin bangon nan yana manne a ƙofar ma'aikata yanzu, babba, an rubuta a ƙasansa wai ga amfanin ma'adinai ya isa ga jama'a. Tunkiyar Kawu ce ta zama aikin gwamnati. Kullum da safe ta gabansa nake wucewa.

An ɗauke ni daga motar Oga, an ba ni bas ɗin ma'aikata. Ba wanda ya ce don me, ni ma ban tambaya ba. Albashi dai yana nan, sai dai yanzu waɗanda ke zama a bayana ba su da abin da za su iya yi wa kowa.

Hadari ya fara haɗuwa a nan. Ki sa ido a kan bangon.

Dogo

*

Daga gida

Dogo, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba, ba fushi ba ne, hannuna ne ya yi nauyi. Ina jajanta maka motar Oga. Saboda mu ka rasa ta, Allah ya musanya maka. Ka fara gaya wa Gwaggo cewa kowa lafiya, babu wanda ya ji ko ƙwarzane, sannan ka karanta mata sauran.

Bangon ya faɗi.

Bayan ruwan farko wani siririn layi ya fito a jikin filastar, kamar gashi, daidai inda tsagar take. Ban gaya wa kowa ba, amma Baba yana zuwa duba aikinsa kullum. Ya shigo ana tsakiyar darasi, ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon, ya tsaya haka har jiniya ta tashi aka fasa dutse. Ban san abin da hannunsa ya ji ba. Ya juyo ya ce, "Fitar da yaran nan. Na aji huɗu ma." Hedimasta ya fara maganar sai an nemi izini daga sama, Baba ya dube shi sau ɗaya, Hedimasta ya ba da hanya. Muka kwashe su zuwa rumfar kasuwa. Ba a yi mako ba, aka kwana ana ruwa, da azahar aka tashi nakiya, bangon ya kwanta cikin ajina, rufin ya biyo shi. Daidai inda 'yan layin gaba ke zama.

Da yamma Baba ya ce, "Dogo bai taɓa rubuto komai a kan wannan ba?" Na ɗauko takardarka mai baƙin mai na karanta masa duka. Da na gama ya ce, "Yaron nan ya fi ni ganin gini."

Washegari Mai Gari ya tara samari da shebur da baro, a kwashe ɓaraguzai a share wurin, kada gari ya zama abin nuni. Suka tarar da Baba zaune a kan turmi a bakin ajin, sandarsa a kan cinya. Ya ce, "Wanda ya ɗaga bulo ɗaya daga nan, ni da shi." Mai Gari ya ce, "Haba, ko hanya a share, in baƙi suka zo fa?" Baba ya ce, "Su taka abin da yaranmu suka kusa kwana a ƙarƙashinsa." Samari suka mayar da shebur.

Tun daga ranar, a can yake wuni. Ciyawa ta fara fitowa tsakanin bulon, allona yana leƙowa daga ƙasa da lissafin ranar ƙarshe a jikinsa, ruwa bai gama wanke shi ba. Ni kuma ina koyarwa a rumfar kasuwa, ranar kasuwa mu ba masu tumatir wuri. Wasu iyayen sun fara janye 'ya'yansu, sun ce in karatun a kasuwa ne gara su yi talla.

Ga sabon koke nan. Wannan karon Hedimasta bai ja ƙafa ba, kuma ban sa labarin ƙadangare ba. Na san ba kai ke tuƙa Oga ba yanzu. Ka duba wanda ke tuƙa shi, ko yana da 'yar kawu a wani gari, ko ya san hanyar kasuwa. In bai yiwu ba kada ka sa kanka a uku, ka yi iyakar yinka.

Baba ya kawo mini cokalinsa na gini, wanda ko taɓawa ba ya bari mu yi muna yara. Ya ce in kulle a akwatina in ɓoye makullin, domin duk safiya in ya ga ɓaraguzan nan hannunsa ƙaiƙayi yake yi, yana tsoron wata rana hannun ya ci amanarsa. Yana nan a ƙasan zannuwana. Jiya ya zo ya tsaya a bakin ƙofata ya daɗe, na ɗauka shi ya zo karɓa. Sai ya ce, "'Yan kwamitin ba su aiko ba?" Na ce ba su aiko ba, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa ya koma wurin zamansa.

Taubashiyarka,
Uwar Alli